Ɓangaren da Ya Ƙi Buɗuwa

Doka ce yanzu a kwafe tunanin majiyyaci a faifai kafin a yi masa aikin ƙwaƙwalwa. Da hantsi aka gama wa Malam Sallau nasa aikin a Gusau, amma da aka zo mayar masa da tunaninsa, faifan ya ƙi buɗuwa. Matarsa Hajiya Tasalla ta miƙe tana salati.

Suwaiba, mai kula da na'urar, ta ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Ɓangare ɗaya ne ya ƙi. Zan tsallake shi in buɗe sauran."

"Me ke cikinsa, 'yar nan?"

"Wallahi ba a gani daga nan."

Da azahar Malam ya buɗe ido ya ce, "Tasalla, kin ci abinci kuwa?" Ta fashe da kuka tana hamdala. Ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɓace masa.

Bayan mako guda, da la'asar, aka sallame su. A bakin layinsu, inda aka haife shi, ya tsaya yana waige-waige kamar baƙo.

"Wuce gaba mana," in ji shi.

Ta kama hannunsa, ta wuce gaba.