Gajeriyar Ƙofa a Tibiri

"Malam Na'Allah, keken guragu ba zai shiga tsofaffin gidajen nan ba. Koma mota," in ji Abdulhadi, shugaban tawagar jam'iyyu da ta zo zagayen tsohuwar unguwar Tibiri a 1992.

Na'Allah ya yi tafiyar awa uku don ya ga zauren kakanninsa. Ya bi su.

Ƙofar zauren gajera ce. Mai gidan ya ce haka aka gina ta don mai shiga ya sunkuya.

"Bayan taron ƙasa na bara da ya kawo mana dimokuraɗiyya?" in ji Abdulhadi. "Mun daina sunkuya wa kowa!"

Na'Allah ya shige a zaune, kansa a miƙe.

Da ya fito, ya tarar sun yi layi.

"Malam," in ji Abdulhadi, "ara mana keken."