Ƙugin Sifika

"Zare su ɗaya bayan ɗaya," in ji mai gyara ta waya. "Wanda ka zare ƙugin ya tsaya, shi ne ɓarawonka."

Maigidan ya durƙusa bayan talabijin yana tsaki. Jibgegiyar sifikarsa ta ƙasa, mai sa kiɗa ya daki ƙirji, jiya lafiya lau take. Yau tun safe sai ƙugi take kamar zuma ta yi saƙa a cikinta. Ya canja wayar sauti, ya rage murya, duk a banza.

Ya zare fulogin talabijin. Ƙugi na nan. Ya zare na dikoda, ya zare cajar yara. Yana nan daram. Saura wani baƙin fulogi da bai sani ba, wayarsa ta bi ƙarƙashin kafet. Ya fizge shi.

Tsit.

"Na kama shege!" Ya ƙure kiɗa har tagogi na rawa, ya miƙe ƙafa a kujera. Can ya ji kamar ana bubbuga bango ta ɗakin mahaifinsa. Ya yi murmushi, ya ce aikin sifika ne.

Matarsa ta dawo daga kasuwa, ta hango fulogin yashe a ƙasa. Ledar hannunta ta suɓuce.

"Wa ya zare wannan?"

"Ni mana. Ai shi ne mai…"

"Soket ɗin ɗakin Baba ya ƙone da safe! Nan na jona injin numfashinsa!"

Ya kashe kiɗan. Gidan ya yi irin shirun da ya wuni yana nema.