Ɗigo Talatin da Bakwai

Ɗigo talatin da bakwai ne a kan taswirar, kowane ɗigo mutum guda da amai da gudawa ya kwantar. Ashirin da tara daga ciki sun taru a kan gida ɗaya a unguwar Arras ta Abidjan, kamar ƙudaje a kan mangwaro.

Firdausi ce ta zana ta da hannunta. Aikinta ke nan a ofishin kiwon lafiya, ta karɓi lissafin asibitoci ta mayar da shi zane. Tun da ta dawo daga taro a garin Bouaké ba ta huta ba, yau ma sai da ta biya kasuwar Adjamé da sassafe kamar kullum, ta iso da gefen zanen da ta ɗaura a jiƙe.

Dokta Kouamé, shugabanta, ya ɗora yatsa a kan tarin ɗigon. "C'est clair, abin a fili yake. Ƙarfe huɗu za mu toshe rijiyar gidan, a fitar da kowa."

Firdausi ta san gidan. Gidan Alhaji Awwalu ne, dattijon da ya sauke mahaifinta ranar da ya zo daga Maraɗi da jaka ɗaya. Mutum biyu sun riga sun mutu. In aka rufe gidan, sunan da tsohon ya yi shekara arba'in yana ginawa ya tafi ke nan, kuma taswirarta ce ta rushe shi.

Ta je ta tarar da Alhajin a zaure yana jan carbi. Ta karanta masa sunayen ɗaya bayan ɗaya.

"Duk yarana ne," in ji shi, "amma ko ɗaya ba ya kwana a nan, 'yata. Wanda duk ya sauka daga Maraɗi ko Damagaram, in aka tambaye shi adresi a lopital, wato asibiti, gidana zai faɗa. A kasuwa suke kwana, kan wotro ɗinsu."

Wotro shi ne amalanken da ake tura kaya da shi a Adjamé. Ashe ma'aikacin asibiti ya tambayi gida, baƙo kuma ya ba shi gidan mai masaukinsa, ita ko ta zauna a ofis mai sanyi ta ɗiga abin da aka rubuto mata. Rashin sani ya fi dare duhu. Kunya ta kama ta, sai dai babu lokacin jin kunya, sha ɗaya ta wuce.

Ta haye gada ta nufi asibitin Adjamé, ta bi majinyatan gado-gado da tambaya ɗaya: ina kake tsayawa da rana? Kafin azahar ɗigon sun bar Arras gaba ɗaya, sun taru a bakin layin 'yan goro. Ta san wurin kamar tafin hannunta, a nan mahaifiyarta ta yi shekaru tana sayar wa masu wotro tuwo, har ta rasu wata biyu da suka wuce.

Ta tura wa Dokta sabuwar taswirar. Amsarsa gajeriya ce: wuri ba dalili ba ne, ta kawo abin da ke sa cutar, in ba haka ba huɗu tana nan.

Ta zauna kan benci a harabar asibitin da kwamfuta a cinya. Ta shafa wa layukan kasuwar launi, mai duhu inda cuta ta fi yawa, bai ƙara mata komai ba. Ta zana da'ira ta yanka ta kamar kankana bisa abin da kowa ya saya ya ci: garba (dambun rogo da kifi), shinkafa, shayi da burodi. Babu yankan da ya rinjayi wani. Ruwa kuwa, kusan dukansu sun ce ba su sayi ko leda ɗaya ba. Ta ji haushinsu, mutum ya wuni yana tura buhunan goro cikin zafin ranar Abidjan ya ce bai sayi ruwa ba.

Uku da kwata ta jera ginshiƙai, kowane ginshiƙi rana guda, tsawonsa yawan waɗanda suka kwanta. Suna ta hawa, sai ga giɓi a tsakiya, kwana huɗu babu ko mutum ɗaya, sannan suka ci gaba da hawa. Cutar kan ɗauki kamar kwana biyu kafin ta bayyana, don haka ta ja baya da kwana biyu. Daga goma ga wata zuwa sha uku, wani abu ya ɓace daga layin 'yan goro, sannan ya dawo.

Cikin murna ta kira Tasi'u, shugaban masu wotro. Alhaji ya tsira, saura kawai a sami mai laifin, kuma ta ƙudura ko wane ne ba za ta rufa masa asiri ba.

"Baba Tasi'u, wa ya rufe sana'arsa a layinku daga goma zuwa sha uku? Mai garba? Mai shayi?"

"Babu wanda ya rufe, 'yata."

"Ka tuna dai, don Allah. Akwai abin da kuka rasa a kwanakin nan."

Tana jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Sannan ya yi 'yar dariya.

"To, in ban da ruwan sadakar nan mai ƙanƙara da kike ajiye mana kowace safiya. Da kika yi tafiya kwana huɗu muka sha ƙishi, wallahi. Allah ya kai ladan kabarin mahaifiyarki, na yau ma yanzun nan yara suka shanye shi tas."