Ɗakin Goron Muniru

Azaratu ba ta buƙatar fitila kafin ta gane goron da tsutsa ta shiga. Da ta murza shi tsakanin yatsu ta sani. Mai kyau ta sa a kwando, mai ciwo ta jefa a kwano, ta yayyafa ruwa, ta rufe da ɗanyen ganye. Goro ba ya son rana, shi ya sa ɗakin da ke bayan rumfar mijinta a unguwar Aboabo ta Kumasi ba shi da taga. A nan take kwana, a nan take wuni.

Cikin azumi aka yi shela cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana. Zango, unguwar baƙi, ya rikice. Mutane suka zube gadaje da tukwane a bakin hanya suna sayarwa a wulaƙance. Zabarmawan da ke zaɓar wa mijinta Muniru goro suka ɗaure kayansu suka hau lori.

Ranar da suka tafi ya zaunar da ita, ya ɗora yatsa a kan tsagar da ke kumatunta.

"Kin san wannan ta ina ce? Ta Mosawa ce, can ƙasar da Faransa ta mulka. Suka gan ki, a lori za su jefa ki."

Ita ma ba ta san ta ina ce ba. A goye gwaggonta ta kawo ta Kumasi daga wani gari a arewa, gwaggon kuma ta rasu ba ta faɗi sunan garin ba. Shi Muniru daga Sakkwato ya zo da ƙuruciyarsa, amma ba ta tambaye shi tasa takardar ba. Bai saba a tambaye shi ba.

"Ki shiga ciki, kada ki yi ko tari. Na gaya wa maƙwabta kin tafi. Kuma tunda kina zaune, ga goro nan."

Sau ɗaya ya fito da ita tsakar gida, ya kawo mai hoto. Mutumin da ko mai kawo ruwa ba ya yarda ya ga fuskarta, ran nan da hannunsa ya zame mata mayafi, ya juya kumatunta wajen haske. Ya ce na neman takarda ne.

Takarda ba ta zo ba. Ƙaramar Salla ta wuce, Babba ta wuce, duk ta bango ta ji su. Ruwan fari ya sauka a kan kwanon rufi. Lokaci-lokaci takan ji takalman 'yan sanda a rumfa, ta cusa mayafi a baki, ta ji mijinta yana magana ƙasa-ƙasa da wata murya mai ladabi da ba ta san shi da ita ba. Sai takalman su tafi. Sai ta gode wa Allah da ya ba ta miji mai rufa mata asiri, ko da hannunsa yana da saurin mari.

Ƙofar ɗakin ba ta da kwaɗo. Bai taɓa buƙatar kwaɗo ba.

Sanyin ɗakin ya shiga ƙirjinta. Ta fara tari, daga baya tarin ya zo da jini. Ta roƙe shi.

"Maigida, ko asibiti ne."

"Asibiti? Ai a can suke fara tare mutane. Huhun goron da za a kai Legas ya haɗu?"

Ta daɗe tana auna abin. A waje akwai lori, da ƙasar da ba ta san kowa ba, ba ta jin ko gaisuwarsu. A ciki akwai ganye da duhu. Ta ga in mutuwa ce, gara ta same ta da rana a kanta.

Ran Juma'a, da ya tafi masallaci, ta ninke zanenta na biyu ta tura ƙofar. Hasken ya soke ta har ta dafa bango. Ta bi lungu tana layi, ta fita babbar hanya. Ga wani kofur na 'yan sanda a inuwa, Bawah, wanda ke sintirin unguwar. Ta tsaya gabansa, ta zame mayafi, ta miƙa hannu biyu.

"Ga ni. Ba ni da takarda. Ku kai ni."

Ya dube ta, ya dubi kumatunta, ya shafa nasa. Tsagarsu iri ɗaya ce.

"In kai ki ina, ƙanwata? Gambaga? Tsagar nan ta Gambaga ce, garinmu, kuma ai Gambaga cikin Gana take, in ba jiya aka ɗauke ta ba." Yana cikin dariya sai ya tsaya cak. "Tsaya, na san fuskar nan. Ke ce ta hoton! Duk zuwan da muka yi kama Muniru, ke yake zarowa daga aljihu: ga mai rumfa, 'yar ƙasa ce, ta je ganin gida, shi tsaro kawai yake yi mata. Ai dawowarki muke jira ki gaya mana, a bar miki shi ko a sa shi a lori?"