Gaisuwar Baba a Rediyon Bron

Har yau in na ji warin dalma a wuta, ɗakin nan na Bron nake tunawa, inda wasu tsofaffin Faransawa ke haɗuwa ran Asabar suna magana da ƙasashe masu nisa ta rediyon da suka harhaɗa da hannunsu.

Shekarar fari ce a gida. Ɗaya daga cikin tsofaffin, abokin aikin Baba a masana'antar Saint-Fons, ya ce yakan kamo wani mai irin wannan rediyo a Damagaram. Baba ya sa babbar riga, ya ja hannuna muka tafi. Abu ɗaya yake son ji: an samu ruwa a garinmu ko ba a samu ba.

Da la'asar wata murya ta ɓullo cikin ƙara. Tsohon ya miƙa wa Baba makirfo, ya ce ya yi sauri, muryar ba ta daɗewa.

Baba ya gyara zama. "Salamu alaikum, Malam. Ina wuni? Ina gajiya? Ina iyali? Yaya yara?"

"Lahiya lau, Alhaji, lahiya lau," in ji mutumin. Sai ƙarar ta haɗiye shi, bai sake dawowa ba.

A bas na ce, "Baba, ba ka tambayi ruwan ba!"

Ya dube ni da mamaki. "In tambayi mutum abu ban gaishe shi ba?"

Ranar haushi na ji. Yanzu ko a waya nake, ba na yanke wa kowa gaisuwa.