Yadda Ake Sallamar Ɗan Wasa

A bencin bakin filin ƙwallo ta same shi, usur rataye a wuya, littafin jarrabawar zama koci a cinyarsa. Jibi zai rubuta. Wata huɗu ke nan tana zuwa tana yi masa tambayoyi, har ta fi shi haddace littafin.

"Yau daga ina za mu fara, Koci?" ta ce da murmushi, ta miƙa hannu.

Bai ba ta littafin ba. Ya gyara zama, ya dube ta ido cikin ido.

"Kin yi mini ƙoƙari ƙwarai. Mace mai haƙurinki sai an tona."

Ta san wannan tsarin, yana shafi na arba'in, inda ake koyar da sallamar ɗan wasa: ka fara da yabo, ka faɗi hukunci kai tsaye, kada ka ba da haƙuri. Da bakinta ta biya masa har ya zauna masa.

"Amma maganar aurenmu babu ita. 'Yar mai kulob ɗinmu zan aura."

Ta jira muryarsa ta yi rawa, ko ya sunkuyar da kai. Ko gezau. Sai ma ya saci kallon agogonsa.

"Tsakani da Allah, ya kika ga na yi?" ya ce. "Kin san a nan nake yawan kakarewa."

Ta dube shi, ta ga da gaske ya sallame ta, ba gwaji kawai ba ne.

"Ka ci," ta ce.

Ya yi murmushi, ya buɗe shafi na gaba.