Ruwa Ya Yi Gyara

Tun da kogi ya cinye Tungar Gero, gwamnati ta daina aiko mutane duba ɓarna. Na'ura aka kafa a bakin sansanin waɗanda ruwa ya kora, ita ke yanke wanda za a ba tallafin sake gini. Sau ɗaya take sauraron mutum a shekara.

Da layi ya zo kan Malam Tanimu a karon farko, 'yarsa Asabe ta riƙe masa hannu. "Baba, faɗi gaskiya. Ba gaisuwa take yi ba."

Na'urar ta ce cikin ladabi, "Baba, yaya gida?"

Shekara uku ba wanda ya yi masa wannan tambaya. Ya tuna zaurensa, da tsamiyar da masunta ke ɗaure kwalekwale a kanta yanzu. "Lafiya lau."

"Yaya ruwa?"

Bai taɓa kushe ruwan Allah ba, ba zai fara a gaban ƙarfe ba. "Ya yi gyara."

"Madalla. Ba ka buƙatar tallafi."

Asabe ta saki hannunsa. "Wata shekarar a tanti ke nan, Baba."

Shi kuwa ya matsa kusa da na'urar, ya rage murya. "Yarinya, sake tambayata yaya gida."